Lissafin Da Ke Ɓoye A Cikin Wayar Hannu: Darasi Daga Tashar Jirgin Ƙasa Ta Kano

A cikin shekara ta 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, layin dogo da aka faro daga Baro a bakin kogin Kwara ya iso Kano, a shekarar da ta biyo baya kuma aka buɗe shi ga fasinjoji da 'yan kasuwa. An kafa tashar ne a wajen ganuwa, kusa da Fagge, inda ayarin raƙuma suka saba sauka tun kafin zuwan Turawa. Ba a daɗe ba unguwar Sabon Gari ta tsiro, kantuna suka jeru, buhunan gyaɗa suka shiga tashi dala-dala suna jiran wagunan da za su kai su bakin teku.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne jirgin bai zo shi kaɗai ba. Wayar tangaraho ta biyo gefen dogo, turke bayan turke. Da yake layin ƙwaya ɗaya ne, shugaban tashar Kano ba ya sallamar jirgi zuwa Chalawa sai ya sami tabbaci ta waya cewa hanya a buɗe take. Watau tun daga ranar farko rayukan matafiya sun rataya ne a kan saƙon da ke riga jirgi isa.

A yau saƙon ya bar jikin waya ya koma iska. 'Yar tafiya kaɗan daga tashar, a titin Beirut da kuma cikin kasuwar Sabon Gari, ana cinikin wayoyin hannu da kayan gyaransu dare da rana. Kowace ɗaya daga cikin wayoyin nan tana ɗauke da eriya wadda mai ita bai taɓa gani ba, kuma ba a ƙera eriyar ba sai da aka fara gina ta a cikin kwamfuta, aka gwada ta da lissafi. Kano ta ƙware wajen sayen wannan kaya da sayar da shi da gyara shi. Tambayar da ta kamata ma'aikatan hukuma da ɗalibai su yi ita ce, yaushe za ta sa hannu a cikin zana shi?

Daga Tarho Zuwa Salula

Kafin shekara ta 2001 layukan tarho da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Tsohuwar Ma'aikatar Gidan Waya da Tarho, da kamfanin NITEL da aka kafa a 1985, sun haɗa manyan garuruwa ne da dogayen hasumiyoyi masu ɗauke da faifai kamar ganga, kowace tana hangen 'yar'uwarta daga nisan kilomita arba'in ko hamsin. A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowanne a kan dalar Amurka miliyan 285, a watan Agusta kuma kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Ya zuwa shekara ta 2024 layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. A watan Disamba na 2021 aka sake yin wani gwanjon, na tsarin 5G, inda MTN da Mafab suka yi nasara.

Duk wannan ci gaba a kan abu guda ya dogara, shi ne igiyar rediyo mai ƙanƙanin zango, wadda injiniyoyi ke kira maikurowef.

Ma'anar Zango

Duk wanda ya tashi yana jin mai gabatar da shiri yana cewa ana kama tasharsu a kan mita 49 ko mita 31 a gajeren zango, ya riga ya san rabin bayanin. Mitocin nan tsawon igiyar ne daga wannan tudu nata zuwa na gaba. Igiyar rediyo tana gudu ne da saurin haske, wajen kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, saboda haka duk yadda yawan kaɗawarta ya ƙaru, zangonta sai ya ragu. Wayar salula da ke aiki a kan megahaz 900, watau kaɗawa miliyan 900 a daƙiƙa, zangonta wajen santimita 33 ne. A kan megahaz 1,800 bai cika santimita 17 ba. Na Wi-Fi a kan gigahaz 2.4 santimita 12 da rabi ne, na 5G a kan gigahaz 3.5 kuma bai kai santimita 9 ba.

Eriya kuwa kamar tsirkiyar garaya take. Tsawon tsirkiya shi ke yanke irin amon da za ta bayar, haka ma tsawon eriya shi ke yanke igiyar da za ta amsa wa, galibi rabin zango ko rubu'insa. Wannan ya sa tashar rediyo take bukatar fili da dogayen ƙarafa, amma eriyar wayar hannu take shiga aljihu.

Eriya A Kan Allo

Idan mai gyara ya buɗe waya, zai ga allon da suke kira fanel, mai ɗauke da siraran layuka na tagulla. A wajen igiyar maikurowef, layukan nan sun wuce matsayin waya mai kai wuta daga nan zuwa can. Faɗinsu da tsawonsu da tazarar da ke tsakaninsu su ne na'urar kanta: wani zanen yana tace igiya, wani yana raba ta biyu, wani kuma yana sakinta cikin iska. Tsarin hawa uku ne, tagulla a ƙasa shimfiɗe, allo marar ɗaukar wuta a tsakiya, sa'an nan zanen tagulla a sama.

Injiniyoyi biyu a Amurka, Grieg da Engelmann, su ne suka bayyana wannan irin layi a 1952. A 1953 Georges Deschamps ya kawo shawarar a yi eriya da shi, amma sai a farkon shekarun 1970 Robert Munson da wasu suka mai da shawarar abin aiki, domin rokoki da ke bukatar eriyar da za ta kwanta a jikinsu ba tare da ta tsaya wa iska ba. A yau ana samun ire-irenta a cikin na'urar bin sawu da ake ɗaura wa motoci da a-daidaita-sahu, inda wani ɗan murabba'i na tangaran mai faɗin milimita 25 yake sauraron taurarin GPS a kan megahaz 1,575. Ana samun danginta a cikin na'urorin Wi-Fi, da injin POS, da wayoyin hannu, inda akan naɗe zanen ya bi jikin roba ko kuma a mai da bakin ƙarfen wayar ya zama eriya.

Kuskuren Milimita Ɗaya

Ga misali wanda kowane ɗalibin injiniya zai iya bi da alƙalami. Idan ana son eriya mai kusurwa huɗu da za ta yi aiki a kan gigahaz 2.4, a kan allo mai arha da ake kira FR-4 mai kaurin milimita 1.6, tsawonta zai zo wajen milimita 29, faɗinta wajen milimita 38, layin da ke kai mata saƙo kuma wajen milimita 3. To, idan aka yi kuskuren milimita ɗaya tak a tsawon, amon eriyar zai gusa da wajen megahaz 80. Duk filin da aka ware wa Wi-Fi a wannan wuri bai fi megahaz 83 da rabi ba. Watau kuskuren da bai kai kaurin ƙwayar gero biyu ba ya isa ya fitar da eriyar daga inda ake bukatarta.

Bugu da ƙari, eriya ba ta zaune ita kaɗai. Batir da gilashi da kyamara da hannun mai riƙe da waya duk suna canja halinta. Duniya ta ga haka a 2010, lokacin da masu sayen iPhone 4 suka lura sabis yana raguwa in sun riƙe wayar ta wani gefe, har kamfanin Apple ya raba musu rigar waya kyauta. Masu gyara a titin Beirut ma sun san cewa waya takan rasa sabis in aka mance da mayar da 'yar siririyar wayar eriya, ko kuma murfin da aka canja bai zauna daidai a kan maɓallanta ba.

A da, hanyar da injiniya yake bi ita ce ya ƙera, ya auna, ya kankare tagulla da wuƙa, ya sake aunawa. Wannan hanya tana cin kuɗi da lokaci, ba ta kuma yiwuwa a wayar zamani mai eriya da yawa a cunkushe. Tela mai hankali ba ya sa almakashi a shadda mai tsada sai ya gama awo. Awon injiniyan eriya shi ne lissafi.

Dokoki Huɗu Da Hanyoyi Uku

Tushen lissafin ya daɗe. A 1865 James Clerk Maxwell, mutumin Sikotilan, ya wallafa dokokin da suka nuna yadda lantarki da maganaɗisu suke haifar da juna har su zama igiya mai tafiya. Daga baya aka taƙaita su zuwa guda huɗu, Heinrich Hertz kuma ya tabbatar da su a ɗakin gwaji a Jamus tsakanin 1887 da 1888. Matsalar ita ce, da alƙalami da takarda ba a iya warware su sai ga siffofi masu sauƙi, kamar ƙwallo ko miƙaƙƙen bututu. Da kwamfuta ta samu, sai masana suka ɓullo da dabarar yanyanka babbar matsala zuwa ƙanana masu yawa. Hanyoyi uku ne suka fi shahara.

Ta farko ita ce wadda Kane Yee ya wallafa a 1966, wadda aka fi sani da haruffan FDTD. A nan akan raba sararin da eriya take ciki zuwa ƙananan akwatuna, kamar yadda malamin safiyo yake yanka fili zuwa fuloti. Kowane akwati yana riƙe da lambobi shida, uku na lantarki, uku na maganaɗisu. Kwamfuta sai ta riƙa tura lokaci gaba taki-taki, a kowane taki kowane akwati yana gyara lambobinsa bisa ga na maƙwabtansa. Ta haka injiniya yake kallon igiyar tana fita daga eriya kamar yadda ruwa yake kewaya inda aka jefa dutse. A 1994 Bafaranshe Jean-Pierre Bérenger ya ƙara wa hanyar wata katanga ta lissafi mai shanye igiya a iyakar filin, don kada ta dawo ta ɓata sakamako.

Ta biyu ita ce wadda Roger Harrington ya tsara a littafinsa na 1968. Ita ba ta damu da sararin ba, tagullar kaɗai take yankawa zuwa ƙananan gutsattsari, sa'an nan ta lissafa yadda wutar da ke gudana a kowane gutsure take shafar sauran duka. Sakamakon shi ne dubban tambayoyin aljabara da ake warwarewa a lokaci guda. Wannan hanya ta fi dacewa da zane mai shimfiɗe a kan allo, domin tagullar ba ta da yawa in aka gwada da sararin da ke kewaye da ita.

Ta uku an aro ta ne daga injiniyoyin gine-gine da jiragen sama, Peter Silvester na Kanada kuma ya shigo da ita wannan fanni a 1969. Tana cika sararin da ƙananan dala masu fuska huɗu, manya a inda babu abin lura, ƙanana a bakin tagulla inda igiya take taruwa. Ita ce ta fi iya bin siffa mai lanƙwasa.

Domin a gane nauyin aikin, a ɗauki fili mai tsawon santimita 10, faɗi 10, tsayi 5, a yanka shi akwatuna masu rabin milimita. Za a sami akwati miliyan 4, watau lambobi miliyan 24, kuma sai an sabunta su sau dubu ashirin ko fiye kafin igiyar ta lafa, domin kowane taki bai wuce kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa ba. In aka rage girman akwatin da rabi don neman daidaito, yawansu zai ninka sau takwas, aikin kuma sau goma sha shida. A zamanin Yee wannan ya fi ƙarfin manyan kwamfutocin gwamnatoci. A yau kwamfutar cinya mai matsakaicin ƙarfi tana gama shi kafin a sha shayi a tashi.

Sai An Gwada

Masana suna gargaɗi cewa kwamfuta ba ta san abin da ba a gaya mata ba. Allon FR-4, alal misali, akan rubuta lambar da ke nuna yadda yake rage gudun igiya a matsayin 4.4, amma wanda aka sayo a kasuwa yana iya zama 4.2. Wannan ɗan bambanci ya isa ya gusar da eriyar da aka ambata da fiye da megahaz 50. Haka kuma wanda ya yanka akwatunansa manya-manya zai sami hoto mai launi mai ban sha'awa, amma amsar ba daidai ba ce. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Saboda haka ba a yarda da zane sai an ƙera shi, an haɗa shi da na'urar da ke auna yawan igiyar da eriya ta saki da wadda ta mayar baya, an kuma kai shi ɗaki na musamman mai bango mai shanye igiya don a ga inda take haskawa.

Da wannan lissafi ne kuma ake kimanta yawan igiyar da kan ɗan Adam yake sha daga waya. Ƙa'idar da ƙasashen Turai suke bi ita ce kada ya wuce wat 2 a kowane kilogiram, Amurka kuwa wat 1.6. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ita doka ta ɗora wa alhakin amincewa da nau'in kowace na'urar sadarwa kafin a sayar da ita a Nijeriya, kuma irin waɗannan alkaluma suna cikin abin da ake dubawa a duniya. Ƙasar da take shigo da miliyoyin wayoyi tana bukatar ma'aikatan da za su karanta rahoton masana'anta su gane inda aka yi gaskiya da inda aka yi kwaskwarima.

Abin Da Ya Shafi Jirgin Ƙasa

Jirgin ƙasa na zamani ya fi na da dogaro da saƙo. A Turai direba da ɗakin kula da zirga-zirga suna magana ne ta tsarin GSM-R, wanda aka keɓe masa wuri kusa da megahaz 900. A Amurka ta Arewa, tun shekarun 1990 wagunan kaya suke ɗauke da 'yan alluna masu eriya a gefensu, na'urar da ke bakin dogo tana karanta lambar kowane wagu yana wucewa. Harabar tasha kuwa wuri ne mai wahala ga igiya, domin dogo da wagunu da rufin kwano duk ƙarfe ne, suna mayar da ita ta kowane gefe. Eriyar da ta yi kyau a kan tebur tana iya canja hali in aka ɗaura ta a kan rufin jirgi, kuma lissafi ne yake nuna haka kafin a kashe kuɗi.

Maganar ta zo kusa da gida. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina, a watan Yuli na shekarar kuma aka ƙaddamar da na Kano zuwa Kaduna. Layi irin wannan yana zuwa ne da na'urorin sigina da na sadarwa waɗanda za su yi shekaru da dama suna aiki cikin zafin bazara da ƙurar hunturu da ruwan damina, bayan 'yan kwangila sun tattara nasu sun tafi. Wanda zai kula da su dole ya san dalilin da ya sa aka zana su yadda aka zana.

Ƙofar Da Take A Buɗe

Ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta yana bukatar masana'antar biliyoyin daloli, amma zanen eriya ba haka yake ba. Jarinsa kwamfuta ne, da manhaja, da kan da ya san lissafi. Manyan manhajojin kasuwa irin su HFSS da CST da Sonnet suna da tsada, amma wasunsu suna da nau'in ɗalibai, akwai kuma na kyauta irin su openEMS. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, duk suna koyar da injiniyan lantarki, cibiyar Digital Bridge da Hukumar Sadarwa ta kafa a 2004 kuma tana da reshe a Kano. Lissafi ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake jera lambobi cikin gidajen hatimi su daidaita ta kowane gefe, masana tarihin lissafi kuma suna ambatonsa har yanzu.

Abin da ya fi wahalar samu shi ne matakin da ke bin zane, watau ƙerawa da aunawa. Ɗalibin da ya kammala aikinsa da hoton kwamfuta kaɗai, bai taɓa riƙe eriyarsa a hannu ya ga inda ta saɓa wa lissafinsa ba, ya yi rabin karatu ne. A nan ne hukuma take da rawar takawa. Ba lalle ba ne kowace makaranta ta mallaki komai. Ɗakin awo guda ɗaya ingantacce, mai wutar lantarki tsayayya da ma'aikata horarru, wanda jami'o'i da kwalejojin fasaha na Kano da Zariya da Katsina za su riƙa amfani da shi bisa tsari, zai fi na'urori goma da aka kulle a ofisoshi amfani. Asusun TETFund an kafa shi ne domin irin wannan bukata.

Har ila yau ya kamata a riƙa sa sharaɗi a cikin kwangilar sadarwa da ta jiragen ƙasa cewa za a miƙa cikakken zane da sakamakon awo ga hukuma, a kuma horar da injiniyoyin gida a kansu. Sa'an nan a haɗa makarantu da masu gyaran waya. Matashin da ya shekara biyar yana narka dalma a ƙarƙashin madubi yana da hannun da ɗalibin jami'a ba shi da shi, ɗalibin kuma yana da lissafin da mai gyara yake bukata.

Ga ɗalibai kuwa, shawarar a taƙaice take. Darasin lantarki da maganaɗisu ya yi suna wajen wahala, da yawa kuma burinsu su tsallake shi kawai su manta. Amma wanda ya riƙe dokokin Maxwell, ya iya aljabara, ya koyi rubuta manhaja, ya kuma saba da shakkar amsar kwamfuta har sai awo ya gaskata ta, ya mallaki sana'ar da kamfanonin sadarwa da na jiragen sama da hukumomin tsaro suke nema a ko'ina cikin duniya. Yana iya farawa da allon FR-4 guda ɗaya da eriya mai milimita 29.